Bardaƙush: Ganye Ɗaya, Sunaye Biyu, Kasuwa Biyu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ga bayanin ganyen da na saka miki a cikin tsaraba, wanda kika ce ƙamshinsa ya yi kusa da na ɗoɗɗoya. Hancinki bai yaudare ki ba, domin dangi ɗaya suke da ita da na'a-na'a.

A Alƙahira na fara saninsa da sunan bardaƙush, a shagunan masu kayan ƙamshi, inda Misirawa ke sayensa su dafa kamar shayi. Sunan ya shigo Larabci ne daga kalmar Farisanci marzangush, wato kunnen ɓera, saboda ganyen ƙanana ne masu laushi da ɗan gashi, kamar dai yadda mu ma muka raɗa wa wata ciyawa nonon kurciya. Da na dawo Jamus da zama sai na tarar da shi da sunan Majoran, wanda Ingilishi ke cewa marjoram, kuma dukansu daga majorana na Latin ɗin tsakiyar zamani suka samo asali. Wasu masana na danganta wannan kalma da amarakos ta Girkanci, kuma majorana ɗin ce masanin tsirrai Linnaeus ya ɗauka a 1753 da ya sa wa tsiron suna Origanum majorana.

Inda na fi ganin bambanci shi ne wajen saye. Mai shago a Masar yakan ɗebo ganyen daga buhu, ya bar ki ki murza a tafin hannu ki shinshina, ya gaya miki amfaninsa, sannan ya auna gwargwadon kuɗinki, tamkar a Kasuwar Kurmi. A nan kuwa ƴan giram kaɗan ne a liƙe cikin takarda ko kwalba, da tsada, kuma babu wanda za ki tambaya, ko da yake dole in yaba musu tsafta da rubuta ranar ƙarewar amfani. Abin mamakin shi ne da yawa daga cikinsa daga Masar ake shigo da shi, duk da cewa suna noma nasu a kewayen garin Aschersleben. Jamusawa sun fi zuba shi a tsiran-alade da miyar dankali, shi ya sa nake sayen tsantsarsa in yi girkina a gida.

Ki gwada shi a farfesun kaza, amma sai dab da sauke tukunya, domin dogon tafasa yana kashe masa ƙamshi.