Watanni huɗu tare da sashen fata da hanji na wani asibitin dabbobi

Na kai karena wannan asibiti ne bayan ya shafe kusan rabin shekara yana fama da lalurori biyu da na ɗauka ba su da alaƙa da juna: ƙuraje masu mugunya a fatar cikinsa da hammatarsa, waɗanda suke fashewa su bar zobe-zoben ɓawo, da kuma gudawa mai majina da take tafiya tana dawowa. Kafin nan an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta har zagaye uku a wani wuri, kuma kowane zagaye sai fatar ta lafa na ɗan lokaci, sannan ƙurajen su sake tsirowa, cikin kuma ya ƙara ɓaci.

Abin da ya fara kwanta mini a rai shi ne likitar ba ta rubuta magani a ranar farko ba. Ta manna siririn tef mai haske a gefen wani ƙurji, ta ɗaga shi, ta rina, ta sa a ƙarƙashin madubin likita, sannan ta ce in matso in gani da idona. Na ga ƙananan ɗigo shuɗaye a dunƙule, wasunsu a cikin fararen ƙwayoyin jinin da suka haɗiye su. Daga nan ta ɗebi mugunyar da auduga ta aika ɗakin gwaje-gwaje domin a raini ƙwayar a ga maganin da zai kama ta. Sakamakon ya nuna Staphylococcus pseudintermedius, ƙwayar da masana suka tabbatar da ita a matsayin jinsi mai zaman kansa a shekarar 2005. Tana zaune a jikin karnuka masu lafiya ba tare da ta cutar da su ba, sai fata ta yi rauni take samun ƙofa. 'Yar uwa ce ga Staphylococcus aureus da ke damun mutane, wadda aka fara ganin nau'inta mai bijire wa maganin metisilin a Ingila a 1961, kuma ƙwayar ta karnuka ita ma ta koyi irin wannan bijirewa. A takardar karena, biyu daga cikin magungunan da aka riga aka ɗura masa ba sa yi wa ƙwayar komai.

Maimakon zagaye na huɗu, sai ta ɗora mu a kan wanka da sabulun ruwa mai sinadarin kilohekzidin sau biyu a mako, da sharaɗin a bar kumfar a jikinsa minti goma cur kafin a ɗauraye. Minti goman nan yana da tsawo idan kana riƙe da jiƙaƙƙen kare yana karkarwa, ido ɗaya a kan agogo, amma a mako na uku ɓawon ya fara zubewa, sabon gashi ya soma fitowa.

Inda asibitin ya fi nuna ƙwarewa shi ne batun hanji. Sun duba kashinsa don neman tsutsa da ƙwayar Giardia, sun auna sinadarin B12 a jininsa domin yakan yi ƙasa idan ƙarshen ƙaramin hanji ya daɗe da kumburi, sannan suka sa shi a kan abinci na musamman wanda aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana ta yadda garkuwar jiki ba za ta tayar masa ba. Makonni takwas aka ce, ba tare da ya lasa wani abu daban ba, domin hanji yakan nuna sauƙi cikin makonni biyu, ita kuwa fata tana jan lokaci. Likitar ta yi mini bayanin cewa rashin jituwa da abinci yana iya bayyana a wurare biyun lokaci guda, kuma ƙaiƙayin da yake haifarwa shi ne yake sa kare ya yi ta susa har ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya.

Ina da dalilin da ya sa na tsananta tambaya. Ƙanwata tana fama da cutar Crohn, kumburin hanjin da Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a birnin New York a 1932, kuma na sha ganin jajayen kulluttai masu zafi da suke fito mata a ƙwauri duk lokacin da ciwon ya motsa. Likitar ba ta yi mini gajeren bayani don ta sallame ni ba. Ta ce a 1998 masu bincike a Faransa, ƙarƙashin jagorancin Arlette Darfeuille-Michaud, sun gano wani nau'in E. coli, ƙwayar da aka saba samu a hanji, mai manne wa bangon hanjin masu cutar Crohn, sannan a 2006 Kenneth Simpson na Jami'ar Cornell a Amurka da tawagarsa suka sami makamancinsa a cikin bangon babban hanjin karnuka irin boksa masu wani mugun kumburi, wanda yake warkewa idan aka kashe ƙwayar da maganin da ya dace. Amma ta ja hankalina cewa wannan ya shafi wasu irin karnuka ne ƙalilan, kuma ba ta ba da irin wannan magani sai an ɗebi tsokar hanji an tabbatar.

Duk da haka akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Sai a zuwana na uku, kuma sai da na tambaya da bakina, aka gaya mini cewa kumburin hanji ba ya yaɗuwa daga kare zuwa mutum, amma ƙwayar fatar tana iya kama mutum jefi-jefi, musamman mai rauni a jiki ko mai shan maganin da ke danne garkuwar jiki kamar ƙanwata. Wanke hannu bayan wanka, wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi, da hana shi lasar rauni, duk shawarwari ne da ya kamata su zo a ranar da sakamakon ya fito. Sakamakon kansa ma sai da na kira sau biyu kafin a karanta mini shi.

Yanzu wata na huɗu ke nan. Kashinsa ya daidaita tun mako na biyu da sauya abincin, fatar cikinsa ta koma sumul, kuma mun rage wankan zuwa sau ɗaya a mako. Zan tura duk mai karen da ƙurajensa suke dawowa bayan magani zuwa wannan sashe, amma ya tafi da jerin magungunan da aka taɓa ba karen, ya kuma faɗa musu tun farko idan akwai mai raunin garkuwar jiki a gidansa.