Sabon boris ko hob na Beljiyam? Amsa ga mai tsohuwar Hilux

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce Hilux ɗinka fowil ce, wato mai jan ƙafa huɗu, ƙirar 1994, ta fara gurnani daga gaba in ka ɗan taka ta, kuma ƙafar dama tana rawa. Bakanikenka ya ce a sayo sabon boris a sa a hob ɗinka, wato ƙarfen tsakiyar ƙafa da ake ɗaure taya a jikinsa. Mai kayan gyara kuma ya ce kada ka wahalar da kanka, yana da hob na Beljiyam ɗungurungum da boris ɗinsa na asali a ciki, ɗaurawa kawai za a yi. Kana son sanin wanne ya fi.

Ni dai ina bayan bakanikenka, amma da sharaɗi: hob ɗinka da sandar da yake juyawa a kanta su kasance lafiya lau. In ɗayansu ya ci, lissafin ya sauya. Kuma ba a sanin wannan sai an kwance an wanke, don haka kada ka biya kuɗin komai tukuna.

Kafin ma a kai ga kwancewa, ka tabbata boris ɗin ne. Taya mai manyan haƙora da ta cinye a karkace tana yin irin wannan kukan sak, kuma mutane da yawa sun sayi boris a banza saboda ita. Kukan boris gudun mota yake bi, ba ruwansa da inji, ko ka sa ta a firi yana nan. A kan titi mai kyau da ba cunkoso, ɗan karkata sitiyari hagu, nauyi zai koma ƙafar dama. In kukan ya ƙaru, yawanci na daman ne. Sannan a ɗaga motar, a tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba. Kama tayar sama da ƙasa ka jijjiga. In ka ji rawa, sa wani ya danne birki ka sake jijjigawa. Rawar ta ɓace, boris ne. Tana nan, to ka nemi laifin a boljoyin ko a gwiwar ƙafar, domin birki ya riga ya ƙulle hob ɗin. In kuwa sai ka kama ta gefe da gefe take motsi, tayarod za ka fara duba.

Tsarin ƙafar motarka shi ne ginshiƙin amsar. Hilux ta wancan zubin, wadda aka yi daga 1988 zuwa 1997, boris biyu ne a kowace ƙafar gaba, na ciki da na waje. 'Ya'yansu ba ƙwallo ba ne, 'yan sanduna ne masu tsukewa ta gefe ɗaya, irin wanda Henry Timken ya yi wa rajista a Amurka tun 1898. Kowane boris gida biyu ne: ɓangaren 'ya'yan da ke hawa sanda, da kwanon da ake bugawa cikin hob. Bayan na ciki akwai sil mai hana giris fita da hana ruwa shiga. A waje kuma washa, notin saiti, washa mai kunnuwa, sai notin kulle. An ƙera shi ne don a riƙa buɗewa, a wanke, a sake giris, a sauya abin da ya mutu a bar sauran. Hob ɗin kansa dunƙulen ƙarfe ne da zai iya ganin bayan boris da yawa. Shi ya sa sayen hob gaba ɗaya don boris ya mutu yake zama kamar sauya rijiya don guga ya yage.

Wani a nan zai ce ma a wanke a cusa giris a ɗaure noti, shi ke nan. Wannan yana da wurinsa: in rawa ce kaɗai babu kuka, kuma aka wanke aka ga kwanon sumul. Amma taka tana gurnani. Gurnani yana nufin fuskar ƙarfen ta riga ta fara ɓarewa, kuma ɗaure noti rawar kawai yake ɓoyewa, ya ƙara wa boris zafi.

To, ga su gefe da gefe.

Abu na farko shi ne me ka sani game da abin da kake saya. Mai kaya bai yi ƙarya ba da ya ce boris ɗin cikin hob na Beljiyam na asali ne, sau da yawa haka ne. Sai dai na asali ne da ya kai wajen shekara 30, ko kuma wanda wani ya sauya a can ba ka san ko wane iri ba ne. Ba ka san kilomita nawa ya ci ba. Motocin Turai suna taka gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, sannan bayan an yanka motar kayan su zauna a fili, su shiga kwantena, su zo su sake zama a rumfa. Boris da ya daɗe a tsaye da danshi a ciki yakan yi layi-layi baƙaƙe a kwano, daidai inda kowane ɗa ya zauna. A hannu in ka juya shi sai ka ji lafiya, saboda tsohon giris ya cike ramukan. Sai an ɗora masa buhunan masara ya fara magana. Sil ɗinsa ma roba ce da ta tsufa, ta bushe.

Sabon boris kuwa ka san daga sifili ya fara, in na gaskiya ne. Nan ne nasa raunin yake, kuma ba ƙaramin rauni ba ne. Sunayen da ake nema sanannu ne: Koyo, NSK, NTN da Nachi na Japan, Timken na Amurka, SKF na Suwidin. Su ne kuma masu jabu suka fi bugawa a kwali. A kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo za a iya ajiye maka kwali biyu masu suna ɗaya, kuɗinsu ya yi nisa da juna, a tambaye ka wanne kake so. Wannan tambayar kaɗai ta ishe ka amsa. Koyo yanzu a ƙarƙashin JTEKT yake, tun haɗewar da aka yi a 2006, don haka ganin wannan sunan a kwali ba alamar jabu ba ce. Abin dubawa shi ne ƙarfen kansa: rubutun lamba ya fito tsaf ba a karkace ba, fuskar kwano ta yi santsi babu zanen niƙa mai kaushi, ragar da ke riƙe 'ya'yan ba ta da kaifi a baki. Duk da haka masu jabun sun ƙware, ido kaɗai ba ya isa. Abin da ya fi tsare ka shi ne mai shagon da ka sani, wanda in kaya ya ba da matsala za ka koma ka same shi. Ka tafi da tsohon boris a hannu, a karanta lambar da ke jikinsa, na ciki da na waje, kada a ce maka "ai duk na Hilux ɗaya ne".

In aka ce in zaɓa tsakanin jabun sabo da tsohon na asali mai kwano sumul, tsohon zan ɗauka ba tare da na yi dogon tunani ba. Jabu ƙarfensa bai sha wuta yadda ya kamata ba, yana iya narkewa ya manne da sanda a tsakiyar hanya.

Sai batun dacewa. Sabon boris mai lamba ɗaya da naka zai zauna, babu gardama. Hob na Beljiyam sai an yi hattara. Wadda ba fowil ba noti biyar ne a ƙafarta, fowil shida. A cikin fowil ɗin ma akwai mai doguwar aksil guda a gaba da sifirin na faranti, akwai mai ƙafafu masu cin gashin kansu, kuma hob ɗinsu ba ɗaya ba ne ko da ido ya ce ɗaya ne. In aka ɗaura wanda ba nasa ba, faifan birki ba zai zauna daidai a tsakiyar kalifa, abin da ke matse shi, ba. Ka ajiye naka kusa da shi a gwada kafin kuɗi ya bar aljihunka.

A wajen aiki, na Beljiyam ya fi sauri, shi ne ma abin da ke jan mutane. Amma saurin na wanda ya yarda ya ɗaura abin da bai gani ba ne. In za a yi shi da hankali, dole a cire sil, a fito da boris biyun, a wanke da kananzir, a duba, a sake giris, a sa sabon sil. To ka ga an yi kusan duk aikin da za a yi wa naka, bugun kwano kaɗai aka tsallake.

Bugun kwanon nan kuwa ka tsaya a kansa da kanka. Akwai masu gyaran da in ka juya baya sai su sa sababbin 'ya'ya a tsohon kwano, su jefa sabon kwanon a akwatin kayan aiki, don fitar da tsohon yana cin lokaci. Sababbin 'ya'ya a kan kwano mai rami ba sa daɗewa. Ana fitar da tsohon ne ta baya, ana bugunsa kaɗan-kaɗan ana zagayawa. Sabon kuma ba a sa masa guduma kai tsaye, ana ɗora masa wani abu mai faɗin bakinsa a bi da shi a miƙe har sai ƙarar bugun ta sauya, alamar ya kai ƙasa.

Kuɗi ba zan kira maka lamba ba, kasuwa ce ke faɗa kuma kullum tana motsi. Sai dai ka haɗa lissafin daidai. A gefe ɗaya boris biyu, sil, washa mai kunnuwa, giris da ladan aiki. A ɗaya gefen hob, sil, giris, ladan aiki, da yiwuwar ka dawo sayen boris ɗin nan gaba kaɗan.

Yanzu ga inda mai kaya yake cin gardama. Bayan an wanke hob ɗinka, gwada kwanon da yatsa. In yana juyawa a mazauninsa, ko ya faɗo da kansa ba a buga ba, mazaunin ya buɗe, hob ɗin ya gama aiki. A nan ne ake kawo dabarun da ka sani: a tsattsaga mazaunin da ƙarfe mai tsini don ya riƙe, ko a naɗa yankin gwangwani, ko a ɗiga walda. Duk suna kai mota gida, babu wanda zan yarda da shi a motar da ke ɗaukar kaya da mutane a baya. Haka in hob ya tsage, ko ramukan kusoshin taya sun buɗe. A wannan halin hob na Beljiyam mai kyau shi ne mafita, amma ƙarfen ka saya, ba boris ɗin ba. Ka sa masa sababbi in hali ya yi. Sandar ma a duba ta: in ta yi shuɗi saboda zafi, ko farce yana kama wani mataki a inda boris ke zama, ko zaren noti ya lalace, ita ma sai an sauya ta, kuma sabon hob ba ya gyara wannan. A fowil mai doguwar aksil sandar da kusoshi aka ɗaure ta, ana cire ta ita kaɗai.

Ko wanne ka ɗauka, ɗaurin noti ne ke yanke masa kwana. Notin fowil ɗin nan mai lamba 54 ne, kuma don garejin da yawa ba su da soket ɗinsa, da cizal da guduma ake juya shi. Duba naka, ƙila ka ga tabon a kusurwoyinsa. Da cizal ba a sanin ƙarfin da aka ɗaure. Ƙa'idar Toyota ita ce a fara ɗaure notin saiti zuwa Nm 59 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a juya hob gaba da baya don boris ya zauna, a sassauta, sannan a sake ɗaurewa da sauƙi gwargwadon abin da littafin ƙirar motarka ya ce. Ana tabbatarwa da sikeli mai ƙugiya: a maƙala a kusar taya a ja, hob ya fara motsi a wajen kilo 3 zuwa 5 da rabi. Bayan an ɗaure notin kulle a sake gwadawa, domin yana ƙara matsewa. Sai a lanƙwasa kunnen washa ɗaya ciki, ɗaya waje. Wannan 'yar washar ita ke hana notin warwarewa, kuma wadda aka lanƙwasa aka miƙe sau da yawa karyewa take yi, ga ta da araha.

Giris kuma ba kowane ba. Wanda ake aunawa a leda daga buɗaɗɗen bokiti ya sha ƙurar hunturu, kuma ba ka san irinsa ba. Nemi na boris ɗin ƙafa, mai lithium, lamba 2, wanda ke jure zafin birki. A zuba shi a tafin hannu a riƙa danna bakin boris a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin 'ya'yan. Shafawa a waje kawai ba ta kai shi inda ake bukata. Kada a haɗa da ragowar tsohon, kada kuma a cika cikin hob maƙil.

Tunda an riga an ɗaga motar, a buɗe ta hagu ma. Ba lallai a sauya ba, amma shekarunsu ɗaya kuma ruwan damina ɗaya suka shiga. Bayan an gama ka yi 'yar tafiya, ka tsaya ka kai bayan hannu kusa da hob biyun. Ɗumi ba komai. In ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, ko an matse noti da yawa ko birki na kamawa, a koma a duba a ranar.

Masu Vigo, wato ƙirar 2005 zuwa 2015, kada ku ɗauki wannan ku kai garejinku. Boris ɗinku a rufe yake, ba a sa masa giris, ba a saita shi, kuma sai da injin matsi ake raba shi da hob.

Malam, in an wanke, ɗauko hoton cikin kwanon biyu da na sandar a wuri mai haske ka turo, sai mu ga ko hob ɗinka zai ci gaba da aiki.