Wardin Ɗa'ifa da turaren kasuwarmu

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ku, ina gaida su Inna da yara, da fatan an girbe zoɓo lafiya. Ka ce in kwatanta maka gonar da nake aiki, ka kuma tambaya ko furen nan na wardi zai yi a fadamarmu ta bakin kogin Haɗeja.

Gonar tana Shafa, kan duwatsun Ɗa'ifa. Garin Ɗa'ifa kansa ya kai mita 1,800 a sama, shi ya sa ana zufa a Makka mu muna neman bargo. Wardin da ake nomawa a nan tsohon iri ne, na Dimashƙa, kuma ya bambanta da wanda ake sayarwa a shagunan fure na Jidda. Wancan daga Kenya da Holan ake kawo shi a jirgi, dogo, jawur, zai yi kwanaki a ruwa bai yanƙwane ba, amma ka kai shi hanci ba ka jin komai. Na nan kuwa ƙaramar bishiya ce mai ƙaya, furenta ruwan hoda, ko yini ɗaya ba ya jurewa. Da sanyi ake datse rassan, a zuba takin dabbobi, a yi ban ruwa. Reshen da aka datse shi ne iri. Sau ɗaya take fure a shekara, daga Maris zuwa Afrilu.

Ana sallame Asuba muke shiga, raɓa ba ta bushe ba, domin rana na ɗagawa ƙamshin yake guduwa. Ka kama furen ta ƙasa da yatsu biyu ka tsinke, ka jefa a kwando. Kafin hantsi hannu ya yi danƙo, ƙaya ta gama da kai, rigar kuwa har dare tana ƙamshi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Yaya, shi ne matatar man wardin tana nan kusa da gona. A safiyar ake auna furen a gaban mai shi, a zuba a manyan tukwanen jan ƙarfe da ruwa, a liƙe murfi, a hura wuta. Tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi ya ɗiɗɗiga a kwalba, man ya taso sama, a kwashe shi da sirinji. Fure sama da 10,000 ke ba da tola ɗaya, wato abin da bai cika giram 12 ba. Ruwan da ya rage shi ne ruwan wardi: a ɗiga a shayi, a sa a alawa, a yayyafa wa baƙo a hannu. Da shi da Zamzam ake wanke Ka'aba. Mai saye yana zuwa har bakin tukunya, ya ga inda abin ya fito.

Mu fa? Kwalaben da ake jerawa a kasuwannin ƙauye da sunan wardi, yawancinsu haɗin sinadari ne, kuma mai tebur kansa bai san daga ina suka zo ba. Ga jema da kajiji a fadama, matanmu sun gaji sarrafa su a turaren wuta da humra, amma ɗanye muke sayarwa da arha. Zoɓon ma haka yake fita ta Maigatari a buhu, ribar ta tsaya a hannun wani. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Batun dashe, kada ka ɓata kuɗinka. Watannin da wardin ke fure a nan su ne tsakiyar zafin bazara a wajenmu, kuma hunturunmu bai kai sanyin da yake so ba. A Jos dai ana samun wardi. Mu abin da ya dace da mu tukunyar ce, domin saiwar jema ma ana tace manta da tururi. Ka tambayar mini maƙeran Kano nawa za su ƙera ƙaramar tukunya mai murfi da bututu, zan turo maka hotonta da awonta ta WhatsApp. Ka kuma ji mini farashin damin jema a bana.