Laftof ta hannu ko sabuwar tablet ga mai koyo da daddare?

Ɗan'uwa mai son koyon Excel da haɗa shafin intanet bayan ya taso daga kasuwa, sayi laftof ta hannu kawai, kada ka yi wata-wata.

Amma ba kowace ba. Nemi irin waɗanda kamfanoni suka yi aiki da su a ofis suka sallama: Lenovo ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5 ko Dell Latitude 7490. A ciki T480 ce ta fi kwanta mini a rai. Za ka gan ta baƙa, murfin ya ɗan koɗe, ba ta da wani kyan gani, amma madannanta suna da daɗin bugu ko za ka kwana kana rubutu. Gurbin RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta take riƙe aikin da take yi a lokacin, biyu ne a cikinta, don haka yau ka fara da 8GB, ranar da aljihu ya yi nauyi ka ƙara wata 8GB ba sai ka canja kwamfuta ba. Batirinta na waje ana zare shi da hannu a sa wani, kuma da cajar USB-C mai ƙarfin 65W take caji. Wanda ya san halin wutar Nepa ya san amfanin wannan. Mafi ƙarancin abin da za ka karɓa shi ne processor (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Core i5 ta zubi na takwas, RAM 8GB da SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri) 256GB. Dalili kuwa, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas take farawa.

Tablet tana da kyau wajen kallon darasi da karanta PDF, batirinta kuma yana daɗewa. Iyakarta ke nan. Excel ɗin cikinta ba ya tafiyar da macro (umarnin da ke maimaita aiki da kansa), babu Power Query (abin jawo bayanai a tsara su), kuma VS Code, manhajar da ake rubuta shafukan intanet da ita, ba a yi shi don ita ba. Kallon darasi kuwa wayar da ke hannunka ma ta isa.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, ko a Kano ne ko a Legas. Kada ka yarda da sitikar da aka manna a jikin kwamfuta, ana liƙa ta i7 a kan tsohuwar i3. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance ka karanta lambar processor ɗin da idonka. Idan ka ga i5-8250U ko i5-8350U ka dace. Idan 7300U ce, ta bakwai ce, domin waɗannan samfuran akwai masu ɗauke da ita. Sannan ka buɗe Command Prompt (tagar rubuta umarni a Windows) ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton da zai fitar, ka gwada abin da batirin yake ɗauka yanzu da asalin ƙarfinsa. Idan ya faɗo kusa da rabi, a rage maka kuɗin sabon batir ko ka bar ta. Kashe ta ka kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ke buɗewa kafin Windows ta tashi: F1 a ThinkPad, F10 a HP, F2 a Dell. Ta nemi kalmar sirri mai shago ya fara kame-kame, ajiye masa kayansa. Ka sa a sake ɗora Windows a haɗa ta da intanet a gabanka, saboda wasu har yanzu a ɗaure suke da kamfanin da ya mallake su, sai an sake ɗora Windows sannan su nemi shigar ma'aikaci. Laftof sabuwa fil mai ƙaramar processor Celeron, RAM 4GB da ma'ajiyar eMMC marar sauri kuma, duk ƙyallinta ka wuce ta, shafi biyar a Chrome sun isa su sa ta numfashi sama-sama.

In ka same ta, ka yanka wa kanka lokaci guda da ba ya motsi, ko bayan Isha ko bayan Asuba, awa ɗaya da rabi ya wadatar idan kullum ne. Darussan HTML da CSS, harsunan da ake haɗa shafin intanet da su, kyauta ne a shafin freeCodeCamp. Excel kuma ka koye shi da littafin shagon da kake: kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, da masu bashi. Fara da dabarar SUM ta tara lissafi, ka wuce IF ta sa sharaɗi da VLOOKUP ta nemo bayani, sannan PivotTable mai taƙaita jadawali. Ranar da maigidanka ya tambayi nawa ake bin wane ka fito masa da shi cikin minti ɗaya, maƙwabtan shago da kansu za su fara neman ka tsara musu nasu, da kuɗinsu.

Ka karɓi rasiti mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar, a kuma rubuta maka kwanakin gwaji, ko da mako guda ne.