Idon roban da muka yi wa Umma, wata takwas ke nan

Tun bayan aikin cire idon Umma mutane ke ta tambayata wai ya idon roban yake, ana gane shi? Yana ciwo? To bari in faɗi abin da na gani da idona.

Ita dai Umma ba ta taɓa cewa idon yana mata ciwo ba, abin da take cewa kawai tana ganin walƙiya a gefe, sai kuma wata inuwa kamar an ja labule rabi, mu duk mun ɗauka yanar ido ce ko hawan jinin ido, har maganin ɗigawa muka yi ta siyowa a kemis kusan wata huɗu. Sai da likita ya ɗiga mata maganin da ke buɗe ƙwayar ido ya leƙa can ciki, aka yi sikanin, sannan ya ce ƙari ne, melanoma. Wallahi ni ban taɓa sanin sankara na fitowa a cikin ido ba. Ashe ƙwayoyin da ke ba fata launi akwai su a cikin ido, a wani shimfiɗi mai jijiyoyin jini a bayan ido, kuma kusan 9 cikin 10 na irin wannan ciwon a nan yake tsirowa, shi ya sa a madubi ba za ka ga komai ba. Likitan ya ce ya fi kama farar fata masu shuɗin ido, a Amurka ma kamar mutum 5 cikin miliyan ne a shekara, a wajen baƙar fata kuwa da wuya ƙwarai. In ƙarin bai girma ba akwai ƙasashen da ake ɗinka wani ɗan faifai mai fitar da hasken da ke kashe sankara (radiation) a bayan idon na ƴan kwanaki a ƙone ƙarin, ido ya tsira. Nata ya riga ya girma, sai cirewa.

Bayan aiki an sa mata wata ƴar roba fara mai riƙe wurin kada ya tsuke, ta yi sati shida da ita. Daga nan muka fara da idon da ake sayarwa a haɗe, wanda ake zaɓa a cikin akwati kamar ana zaɓar maɓalli. Yana da araha sosai, amma gaskiya ban ba kowa shawararsa ba in da hali. Ya fi nata girma kaɗan, fatar idon ba ta rufuwa in tana barci, kwantsa kullum, kuma kallonsa ya ɗan karkace, har ta daina zuwa biki.

Na biyun shi ne na awo, a wani wuri nan cikin Kano. Nan kam sun burge ni. Mai haɗa idon ya zuba wani abu mai laushi a gurbin ya ɗauki siffarsa, sannan ya zaunar da ita kusa da taga yana kallon lafiyayyen idon yana haɗa fenti, har jajayen jijiyoyin nan na farin ido da siraran zare ya yi su, da ɗan rawaya-rawayan da idon manya ke yi. Yana yi yana ce mata "Hajiya ki kalle ni nan, kar ki ji kunya, aikina ke nan." Ranar da aka sa mata ta daɗe riƙe da madubi ba ta ce komai ba, ni kuwa fita na yi waje saboda hawaye. Idon yana motsi, ba kamar na gaske ba dai, in ta kalli gefe sosai yana ɗan tsayawa a baya, amma in da tabarau sai wanda ya sani.

Inda suka gaza: sau uku muna zuwa ana cewa bai gama ba, kuma ba mai kiran ka a waya ya faɗa maka, ga kuɗin mota ga tsohuwa a rana. Sannan ba su gaya mana yadda hunturu zai yi mata ba, ƙura ta sa wurin ya bushe yana ƙaiƙayi, sai da muka koma asibiti aka rubuta mata ruwan ɗigawa mai santsi. Kuɗin ma ya ninka na farko sau da yawa.

Abu ɗaya da ya sa na ƙara ganin girman mutumin, da zai sallame mu ya ce kar mu ga ido ya yi kyau mu ɗauka an gama, wannan ciwon in zai bazu ta jini yake bi kuma hanta ya fi nufa, ko bayan shekaru, don haka kar mu yi wasa da sikanin hantar da likita ya rubuta. Ya ce ta riƙa sa tabarau mai ƙarfi don kare ɗayan idon, a kawo roban duk shekara a goge shi, bayan kamar shekara 5 a canja.

Wata mai zuwa za mu koma sikanin hanta karo na biyu, ku sa ta a addu'a don Allah. Ta ce in tuna mata ta tambayi likita ko za ta iya komawa sa kwalli.