Katin inshorar lafiya: abin da na gani cikin shekara uku a Gombe

Shekara uku ke nan da wurin aikinmu ya yi mana rajistar inshorar lafiya. Katin ya ɗauki ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ni kuwa biyar gare ni, dole na bar babban a waje. Hajiyarmu da ke fama da ciwon suga ma ba a maganarta, iyaye ba sa ciki.

A kan zazzaɓin cizon sauro da gudawar yara, ba ni da ƙorafi. Ka nuna kati, likita ya duba, a yi gwaji, ka biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, ka kama hanyar gida. Damina uku katin ya rufa mini asiri.

Sai bara da maiɗakina ta kwanta da ciwon ciki. Likita ya ce aikin ya fi ƙarfinsu, za a tura mu babban asibiti, amma sai kamfanin HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorarmu, ya turo lambar amincewa. Kwana huɗu ina kira, waya na shiga ba a ɗauka, in an ɗauka kuma a ce "ana kan aiki, Malam". Ita tana murƙususu, ni ina zarya tsakanin ofis da gado. Rana ta biyar na haƙura na biya da kuɗina. Kuɗin hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura, aka ce rabi na inshora rabi nawa, kuma rabin ya cinye albashin wata. Maganin da ya fi tsada kullum shi ne babu a ɗakin magani, sai dai parasitamol. A rubuta maka takarda, ka tsallaka kemis.

Kafin a sallame ta, adashinta ya tafi, tumaki biyun da nake kiwo don layya sun tafi tike, ga bashin ƙanena a kai.

Na san tun watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. To, ni mai kati ke nan, ina ga mai faci a bakin titi? Ba zan yar da katin ba saboda yara, amma na shiga wani adashin daban, na asibiti kawai. Rasitan da aka ce in kawo a mayar mini da kuɗi kuwa, wata takwas ke nan da na kai.