Zanen hannu na fentin ruwa ko bugun firinta?

Hajiya mai tambayar hoton falo, ki ɗauki na hannun kawai ki huta. Ina da ɗaya, butar shayi ce da kofin silba a gefenta, wani ɗalibin zane na ABU Zariya ne ya yi min, wallahi har lotsewar gefen butar da baƙin hayaƙin gindinta sai da ya fito da su, ranar da kakarmu ta zo daga Gwammaja ta daɗe tsaye tana kallo can sai cewa ta yi "wannan butar tana son toka da soso". Kin ga ƙyallin da ke jikin butar ba farin fenti ba ne, farin takardar ne aka kewaye aka bari, shi ya sa ido ke ganin kamar ƙarfen gaske. Ga shi ba mai rai ba ne balle maigida ya ce a sauke.

Na firinta kuma, to, yana rufe bango kuma ya fi araha, iyakarsa kenan.

Amma fa ki yi hattara da masu tallan Instagram da sitatus ɗin nan, wasu hoto suke saukewa a intanet su buga a takarda mai kauri su rattaba hannu a ƙasa su ce sun yi sati suna zanawa. Ki sa a cire shi daga firam, ki zuƙo da kyamarar wayarki sosai, in kin ga ɗigo-ɗigo ƙanana bugu ne. Na gaske sau da yawa za ki hango layin fensir a ƙarƙashin kala, da ɗan duhu a bakin inda ruwa ya tsaya ya bushe. Ki tambayi mai zanen takardar, mai kauri ta giram 300 ta auduga irin ta kamfanin Arches ake so, siririya kumbura take yi da damina. Kuma kar ki tura kuɗi duka sai ya nuna miki bidiyon aikin.

In kin karɓa a sa masa gilashi saboda ƙurar hunturun Kano, don ba a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kalar narkewa za ta yi, kuma ki rataye shi nesa da taga, rana na cinye kala.